Sunan da Musbahu Ya Kasa Taɓawa

Duk wanda ya zauna a Karu a shekarun da kuɗi ke yawo a Abuja kamar ba su da mai su, har maigadi yana riƙe da waya biyu, in dai ya taɓa neman inda zai duba sakamakon jarrabawa ko ya aika wa ɗan'uwansa hoto, to ya san shagon intanet na Madam Janet, ya kuma san Musbahu. Dogo ne siriri kamar an ja shi da igiya, ga murmushin da ko janareta ya ƙi tashi ba ya barin fuskarsa. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: bai iya cewa a'a ba. Ka roƙe shi rigar jikinsa, sai ya tambaye ka ko a haɗa maka da singileti.

Ɗan Rafin Dinya ne, can cikin ƙasar Katsina, gidan masu ɗinkin hula. Ya iso Abuja a bayan motar albasa, daidai lokacin da wayar salula ta shigo gari. Ya kafa lema a Durumi, mutane suna kira suna biya, shi kuwa yana shan labarin duniya kyauta, daga na masu neman aure har na masu rantsuwa cewa suna Legas alhali ga su tsaye a gabansa. Da aka tashe rumfunan wajen, ya tattara komatsansa ya koma Kurudu, ya kama ɗaki ciki ɗaya a bakin gonar rogo, yana hawa bas zuwa Karu neman abin yi.

A nan Janet ta tsince shi. 'Yar Binuwai ce, ta karanta kwamfuta, Hausarta kuwa irin ta Abuja ce, wadda namiji da mace duk kwano ɗaya suke ci. Ta ɗauke shi buga takardu. Bai daɗe ba ya fara leƙen abin da take yi in an kawo mata aikin shafin intanet na wata makaranta ko otel, ya ga rubutu kamar tafiyar tururuwa, amma in ta danna sai ga shafi sukutum da hotuna. Ya ce, “Madam, a koya mini wannan tsafin.”

Ta koya masa. Abin da ya fara kamawa, ya kuma riƙe gam, shi ne abin da suke kira inlayin sitayil, wato ka je kan layin da kake so, ka rubuta masa kalarsa da girmansa a jikinsa, shi kaɗai. Kana son kalmar nan ta yi ja? Sai ka liƙa mata style="color: red" a goshi, shi ke nan. Wannan ya yi wa Musbahu daɗi, domin haka ya tashi ya ga ana yi a gidansu: kowane kai da hularsa, kowace hula da zarenta. Janet ta sha gaya masa akwai fayil ɗin CSS da ake rubuta doka sau ɗaya ta hau kan kowa. Ya ce “To, Madam,” ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ana nan sai Muhibba ta fara zuwa shagon. Malamar firamare ce, takan zo buga tambayoyin jarrabawa, ga baki kamar reza. Ranar farko ta ce masa ya rubuta “lissafi” da kuskure har wuri biyu, ranar ta biyu ta fara kiransa Injiniya don tsokana. Kafin zangon karatu ya ƙare, tambayoyin da take kawowa sun fi ƙarfin ajinta, shi kuma yana bugawa a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Matsalar ita ce ubanta. Alhaji Nuraddeen mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, kuma shi ne shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Rafin Dinya reshen Abuja. Mutum ne mai gaskiya, irin gaskiyar nan mai sa a rage zuwa gidanka hira. Da maganar neman aurenta ta isa gare shi, bai tambayi asali ba, don ya san gidan su Musbahu har kakansa. Tambaya ɗaya ya yi: “Mece ce sana'arsa?”

Muhibba ta ce, “Baba, shafin intanet yake haɗawa.”

“Ubansa in ya ɗinka hula ana ganinta a kan mutum. Shi nasa a ina ake gani?” Sai ya ce, “To, ƙungiya na son shafi kafin taron shekara. Ya yi mana. In na ga aiki, ya turo magabatansa. In na ga wasan yara, ya nemi wata ƙofar.”

Musbahu ya karɓi aikin hannu bibbiyu. Ya sa tarihin gari, ya sa hoton rijiyar burtsatse da ƙungiya ta haƙa, ya sa hoton tsohuwar ɗinyar da ke bakin rafi. Sai ya zo shafin mambobi, inda kowa zai ga sunansa. A nan ne mutanen Rafin Dinya suka nuna masa su ma 'yan Abuja ne.

Na farko Alhaji Hadi, ɗan kwangila, wanda ke ajiye mota a inda za ta tare hanya don a fito a tambayi mai ita. Ya shigo da ƙunshin tsire, ya ajiye a kan tebur, ya rage murya.

“Ɗana, sunana fa, a ɗan ba shi kauri. Kuma ja. Ka san idona ba ya ganin ƙananan rubutu.”

“An gama, Alhaji.”

Washegari wani ya zo, shi ruwan goro yake so saboda ya yi aikin Hajji sau da yawa. Wani ya ce a ja wa nasa layi a ƙasa. Wani ma'aikacin banki ya ce shi ba ya son komai, illa dai nasa ya ɗan fi na Hadi tsawo. Kowa ya zo a ɓoye, kowa ya tafi da alkawari, Musbahu kuma yana bin layi ɗaya bayan ɗaya yana liƙa wa kowa abin da ya roƙa. Shugaba bai zo ba, bai kuma aiko ba. Amma Musbahu ya ga bai dace a yi rabon riguna a bar uban Muhibba haka nan ba, sai ya yi wa sunansa ruwan zinariya, don kansa.

Ranar da Muhibba ta ga shafin, ta riƙe haɓa.

“Injiniya, wannan shafi ne ko rumfar masu sayar da robobi a kasuwar Karu?”

“Ai kowa abin da ya ce ke nan.”

“Kowa? To Baba ya yanke a zaman da ya wuce cewa babu babba babu ƙarami, har anko aka fitar, shuɗi, maza da mata. Ya ce shafin ma ya bi kalar anko. Ka nuna masa wannan bakan gizon, wallahi ko a hanya ka gan ni sai dai ka ce sannu malama.”

Musbahu ya tafi wajen Janet kamar wanda aka aiko da rasuwa.

Janet ta yi dariya har da buga tebur. “Musbahu, ban gaya miki ba? Zauna. Kin san anko ko? Ba a zuwa gida gida ana rina wa kowa riga. Ana cewa duk wanda yake ɗan biki, ga yadi. To shi ne selekta. Ki ba kowane suna kilas ɗaya, ki kira shi mamba. Sai ki je fayil ɗin CSS, ki sa ɗigo, ki rubuta mamba, ki ce shuɗi. Duk mai wannan kilas ɗin ya shiga anko ke nan. Gobe in an ce ja, kalma ɗaya za ki canza.”

Ya yi yadda ta ce. Ya ba kowa kilas, ya rubuta .mamba, ya ba shi color: blue, ya danna yana bismilla. Shafi ya buɗe. Hadi na nan da jansa, mai ruwan goro na nan da ruwan goronsa, babu wanda ya motsa.

“Madam, sun ƙi.”

“Dole su ƙi. Abin da kika rubuta a jikin layi ya fi ƙarfin dokar da ke fayil. Mutum ya zo biki sanye da nasa kaya, kin aika masa anko, zai sa a kan babbar riga? Sai kin tuɓe masa.”

“Babu wata gajeriyar hanya?”

“Akwai wata kalma da ake sawa ta danne kowa da ƙarfi, amma ba a shagona ba. Yau ki danne, gobe ki rasa mai danne ta. Abeg, don Allah je ki tuɓe su.”

Haka ya zauna yana tuɓe manyan Rafin Dinya ɗaya bayan ɗaya, yana ba su haƙuri a zuci. Ya cire jan Hadi, ya ce Allah Ya huci zuciyar Alhaji, tsiren dai an riga an ci. Duk wanda ya cire wa, sai ya ga sunan ya faɗa cikin shuɗi lafiya lau kamar dama can jira yake. Abin ya fara ba shi sha'awa, har yana 'yar waƙa.

Sai ya iso layin shugaba, waƙar ta tsaya.

A Rafin Dinya ba a wasa da kunyar suruki. Ba ka faɗin sunansa, ba ka cin abinci a gabansa, in ka hango shi a hanya ka cire takalmi ka durƙusa, in da hali ma ka sake hanya. Tun da ya fara neman Muhibba, Musbahu bai ƙara furta sunan nan ba, ko da na wani ne. Akwai wani Nuraddeen mai gyaran janareta, shi ma ya koma “mai sunan Baba.” Yanzu ga sunan a gabansa, an ce ya sa hannu ya tuɓe shi. Ya kai yatsa kan madannin kwamfuta, yatsan ya dawo da kansa. Ya sake kaiwa, ya ji kamar ya kai hannu zai ture hular dattijo a bainar jama'a.

Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zuwar wa mutum ya ji kamar ya fi kowa wayo. Tuɓe babba rashin kunya ne, amma sauya masa riga ai girmamawa ce. Ya bar inlayin ɗin a wurinsa, ya goge zinariya kawai, ya rubuta shuɗi da hannunsa, irin na kowa sak. Ya danna. Shafi ya fito shuɗi daga sama har ƙasa, ko Janet da ta leƙo ba ta ga bambanci ba. Ta dafa kafaɗarsa ta ce, “Yanzu kin zama ɗan gari.”

Ranar taro Lahadi ce bayan azahar, a zauren wata makaranta da aka yi haya. Musbahu ya zo da kwamfutar cinya ta Janet da majigin aro, sanye da shaddarsa shuɗiya da ya kai guga har sau biyu. Yana shiga ya tsaya cak. Zauren kore ne shar, kamar gonar masara a tsakiyar damina.

Hajiya Fadima, yayar shugaba kuma uwar matan ƙungiya, ita ta tare shi a ƙofa. “Kai ba a gaya maka ba? Shuɗin ya ƙare a kasuwa, ya isa rabin mutane kawai, muka mayar muka ɗauki kore. An yi ta aika saƙo a waya.” Wayar Musbahu kuwa tana wajen mai gyara tun farkon mako. Ya hango Muhibba cikin mata, ta ɗaga masa gira, alamar ita ma ta yi ta nemansa a waya ba ta same shi ba.

Aka yi addu'a, aka ci cincin, shugaba ya tashi. Ya yi jawabi mai tsawo kan haɗin kai, ya ce a wannan ƙungiya darakta da mai tura baro duk 'ya'yan rafi ɗaya ne, ya ce shi ya sa ya hana a fifita sunan kowa a shafi, har da nasa. Aka yi tafi. Aka rufe tagogi, Musbahu ya haska bango.

Ɗinya ta fito, aka yi kabbara. Rijiya ta fito, wani dattijo ya tashi ya nuna inda gonarsa take a bayan hoton. Sai shafin mambobi. Alhaji Hadi ya nemi jansa sama da ƙasa bai gani ba, ya kumbura, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “To ai shafin bai shiga anko ba. Mu kore, shi shuɗi, kamar mai shi.”

Aka yi dariya. Shugaba ya juyo ya dubi Musbahu ta saman tabarau. “Ana iya gyarawa, ko sai wani makon?”

Abin nema ya samu. Musbahu ya matsa gaban kwamfuta. “Yanzu ma, ranka ya daɗe.”

Ya buɗe fayil ɗin CSS a gaban kowa, ya goge kalma ɗaya, ya rubuta wata, ya danna. Kafin mutum ya haɗiye cincin, sunaye sun juye kore tun daga sama har ƙasa, kamar an watsa wa bangon ruwan ganye. Zaure ya ɗauki sowa. Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi. Shugaba kansa ya ɗan buɗe baki.

Sai muryar Hadi ta tsaga tafin. “Tsaya, tsaya! Ku dubi sama!”

Aka duba. Can a ƙoli, shi kaɗai tilo cikin koren nan, ga sunan Alhaji Nuraddeen da shuɗinsa, yana ƙyalli kamar baƙon da ya ɓata hanya.

“Ashe haka ne!” in ji Hadi, ya miƙe yana gyara babbar riga. “Mu aka tuɓe mana namu, shugaba ya ajiye nasa! Babu babba babu ƙarami, ko?”

Mai ruwan goro ya ce shi ma an cire masa. Na banki ya ce shi ma. Nan take kowa ya tona kansa da bakinsa, ana ta hayaniya, kowa yana mamakin ashe ba shi kaɗai ya je shagon Janet a ɓoye ba. Shugaba bai yi dariya ba. Mutumin da ya yi shekaru yana gina sunan gaskiya, ga shi an kama shi da abin da bai ci ba, a bango, da manyan baƙaƙe. Ya ɗaga hannu, zaure ya yi tsit.

“Musbahu. Ni na ce ka ware ni?”

Musbahu bai san lokacin da ya zame takalmansa ya durƙusa ba. “A'a, ranka ya daɗe. Ko kusa.”

“To me ya faru?”

“Kowa na cire masa abin da na rubuta a jikin sunansa, shi ya sa suka bi doka. Da na zo kan na... kan na Baba, hannuna ya ƙi. Sai na sauya kalar kawai na bar shi.”

“Na wane Baba? Zauren nan cike yake da Baba. Faɗi sunan.”

Musbahu ya dubi ƙasa. Ya dubi silin. Ya buɗe baki, ya rufe. Gumi ya keto masa har shaddar ta canza kala da kanta.

Sai Hajiya Fadima ta rangaɗa guɗa, wadda ta sa majigin kansa ya yi rawa.

“Kai Nuraddeen, rabu da yaron mutane! Kana gani da idonka kana tambaya? Wa ake yi wa wannan kunyar in ba suruki ba? Kai da ka hango uban matarka Hafsah a hanyar kasuwa ka faɗa gonar dawa da keke, sai da aka ciro ka da ƙaiƙayi har wuya, yau kai ne mai cewa a faɗi suna?”

Zaure ya fashe. Hafsah, uwar Muhibba, ta ja mayafi ta rufe fuska tana girgiza don dariya. Muhibba kuwa ta nutse a bayan wata mai ƙiba, ba a ganin komai nata sai ɗankwali. Hadi ya yi dariya har ya zauna a kan farantin cincin ɗin wani. Shugaba ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, gashin bakinsa ya ci amanarsa.

“Yaya, ai ba dawa ba ce, gero ne,” ya ce. Ya sauko daga kan dandamali, ya zo ya tsaya a kan kwamfutar. “Tashi. Tunda hannunka ya ƙi, nuna mini inda abin yake.”

Musbahu ya nuna daga nesa, da ɗan yatsa, kamar mai nuna maciji. Alhaji ya gyara tabarau, ya sa yatsa ɗaya, ya shiga goge harafi bayan harafi, yana tambaya, “Har nan? Wannan ma?” Da ya gama ya danna inda aka ce ya danna. Sunansa ya faɗa cikin kore, ya ɓace cikin na jama'a.

Bai koma kujerarsa ba. Ya ce, “Wato yanzu in na ce duka su koma ruwan ƙasa?”

“Kalma ɗaya ce, ranka ya daɗe.”

“Yi mu gani.” Aka yi. “Mai da su kore.” Aka mayar. “In mutum ɗari suka shigo ƙungiya baɗi fa?”

“Kowa aka ba shi kilas ɗin, ya shiga anko.”

Alhaji ya daɗe yana kallon bangon, hannu a baya, kamar yadda yake duba aikin 'yan kwangila kafin ya sa hannu. Hadi ya matso yana raɗa cewa ko ɗan kauri kaɗan a mayar masa, ba sai ja ba. Ba wanda ya kula shi.

“Kawunka Zakariyya yana Rafin Dinya har yanzu?” in ji Alhaji, bai juyo ba.

“Yana nan, ranka ya daɗe.”

“Ka aika masa ya shigo mota, ina gida ranar Juma'a bayan an sauko. Kuma ka sa takalminka, zauren haya ne, akwai ƙusa.”